Agogon Hannu: Kayan Mata Ne Muka Ara

A unguwar nan tamu, duk akwatin lefen da aka buɗe, in an gama ƙirga atamfofi da lesuka da takalma, sai wata cikin gwaggwannin amarya ta tambaya: ina agogo? In babu, a ce kaya da saura. In akwai, a ɗaga shi sama a jujjuya, a duba ƙyallinsa, a auna nauyinsa a tafin hannu, a mayar cikin kwali. Ba mai tambayar abin da ke cikinsa. Mu kanmu 'yan kasuwa da ke sarinsa a Idumota, ko mu ba da saƙonsa daga Jidda da Dubai, ƙalilan ne cikinmu za su iya faɗin abin da ke tura tsinken nan yana zagayawa. Kuma yawancin maza gani suke agogo kayanmu ne, an dai ƙanƙanta shi an liƙa masa duwatsu don a ba mata. To, tarihi bai ce haka ba. Agogon hannu na mata ne tun asali. Mu ne muka ara daga baya, kuma yaƙi ne ya sa muka ara.

Ita kanta kalmar, a wurin masu masaukinmu muka same ta. Agogo a bakin Yarabawa ƙararrawar ƙarfe ce, irin wadda mai shela ke bugawa, daga nan suka raɗa wa na'urar lokaci sunan. Mu ma in za mu tambayi lokaci cewa muke ƙarfe nawa, wato ƙarfe sau nawa aka buga. Kafin nan kakanninmu da inuwa suke aiki: rana ta gota tsaka an yi azahar, inuwar mutum ta kai tsawonsa la'asar ta shiga, kamar yadda aka karantar da mu a Risala. Musulmi na dauri sun yi fice a agogon ruwa. Halifa Haruna Rashid ya aika wa sarkin Turawa Sharlaman da irinsa a 807, Al-Jazari kuma ya rubuta littafi a 1206 da zanen agogonsa mai siffar giwa. Amma waɗannan duk manyan kaya ne da ake girkewa wuri ɗaya.

Abin da ya sa agogo ya tashi daga bango ya bi mutum shi ne sifirin, wato siririn ƙarfe da ake naɗewa ya riƙe ƙarfi. A farkon shekarun 1500 wani maƙeri a birnin Nuremberg na Jamus, Peter Henlein, ya yi suna wajen ƙera 'yan ƙananan agoguna masu sifirin da ake ratayawa. Ba su da kirki wajen faɗin lokaci, tsinke ɗaya gare su, na awa. Ado ne kawai na masu hali. Sana'ar ta yi ƙarfi a Janiba ta ƙasar Suwizalan ne ta wata hanya da ba a zata ba. Daga 1541 wani malamin Kirista mai tsanani, John Calvin, ya samu faɗa a ji a birnin, aka hana sa kayan ƙawa. Maƙeran zinariya suka ga abincinsu zai yanke, sai suka koma ƙera agogo, tunda shi ba a kira shi ado ba, an ce kayan amfani ne. 'Yan gudun hijira daga Faransa da suka iya aikin suka ƙara musu hannu, zuwa 1601 har sun kafa ƙungiyarsu. Mu da muke zaune a Sabo mun san wannan labari: baƙo ya zo da sana'a, gari ya ci moriya.

Namiji yana da aljihu, sai ya jefa agogonsa ciki da 'yar sarƙa. Tufafin matan Turawa na lokacin ba su da irin wannan aljihu, don haka sukan rataya nasu a wuya ko a ƙugu. Daga nan zuwa ɗaura shi a jikin munduwa taki ɗaya ne. An rubuta cewa a 1571 wani bafade, Robert Dudley, ya ba Sarauniya Elizabeth ta ɗaya ta Ingila munduwa mai ɗan agogo a jiki. Amma wanda takardunsa suka tabbata sarai shi ne na Caroline Murat, ƙanwar Napoleon, sarauniyar Naples a Italiya. A watan Yunin 1810 ta sa Abraham-Louis Breguet, sarkin maƙeran agogo na zamanin a birnin Faris, ya yi mata agogon ɗaurawa a hannu. Sai da aka shekara biyu da rabi ana aikinsa, aka miƙa mata a Disambar 1812. Siffar ƙwai gare shi, maɗaurinsa gashi ne aka tufka da zaren zinariya, yana da ma'aunin zafi, kuma in ta taɓa shi cikin duhu sai ya buga mata ƙarfe nawa. Littafin kantin Breguet ya nuna an kawo shi gyara a 1849, an sake kawowa a 1855. Daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba har yau. Shi ma agogon hannu na farko da kamfanin Patek Philippe ya ƙera a 1868, mace ce ta saya, wata mai sarauta daga ƙasar Hangare, kuma da ɗan makulli ake wana shi.

Duk tsawon wannan zamani, Bature namiji in ya ɗaura agogo a hannu dariya za a yi masa, kamar dai a ga ɗayanmu ya fito masallacin Juma'a da awarwaro.

Bari mu buɗe bayan agogon mu leƙa, don ba za a gane gwanintar da aka zuba wa na mata ba sai an san aikin da ke ciki. Inji irin na dauri, wanda ba ruwansa da batir, abu huɗu ne ya haɗa shi. Na farko sifirin ɗin nan da ke naɗe cikin ɗan gwangwani. In ka murza ɗan kan da ke gefe kana wana agogo, shi kake ƙara naɗewa, shi kuma ƙoƙarinsa kullum ya warware. Wannan yunƙuri nasa shi ne abincin agogo, kuma yakan kai kamar awa 40 kafin ya ƙare. Na biyu jerin faya-fayai masu haƙora, wannan na cizon wancan, su ke ɗaukar ƙarfin su rarraba shi yadda tsinken minti zai zagaya sau ɗaya a awa, na awa kuma sau biyu a yini da kwana.

In da a nan aka tsaya, da sifirin ya warware fuu cikin 'yan sakanni, tsinkaye su yi ta gudu kamar farfela. Ku ɗauka garken shanu ne aka tara a bakin ƙofar kara, kowace na turi. In aka wangale ƙofa za su fita gaba ɗaya, ba mai iya ƙirgawa. Sai an samu mai tsaron ƙofa da zai riƙa sakin ɗaya, ya tare, ya saki ɗaya, ya tare. Abu na uku ke nan: wani ɗan ƙarfe mai baki biyu da ke kama haƙorin faifan ƙarshe ya saki, ya kama ya saki. Cak-cak ɗin da kuke ji in kun kara agogo a kunne, ƙarar wannan kamu da saki ce. Wani Bature ɗan Ingila, Thomas Mudge, ya fito da irin wanda ake amfani da shi har yanzu, wajen 1755.

To wa ke gaya wa mai tsaron ƙofa lokacin saki? Shi ne abu na huɗu, kuma shi ne zuciyar agogo: wani ɗan zobe da ke lilo dama da hagu, a tsakiyarsa akwai wani sifirin siriri kamar gashin kai da ke dawo da shi duk sanda ya tafi. Masanin nan na ƙasar Holan, Christiaan Huygens, ya haɗa wannan dabara a 1675, kuma bayanta ne aka fara ganin amfanin sa wa agogo tsinken minti. Seiko 5 ɗin nan da iyayenmu suka sani, zobensa na bugawa sau 6 a sakan ɗaya. Na zamani masu tsada sau 8 suke yi, wato sau 691,200 ke nan kowace rana, ba hutu ba sallah. Da ma kirarinsa ke nan, agogo sarkin aiki. Kuma kafin hukumar gwaji ta Suwizalan ta ba inji shaidar ƙwarewa, kada ya yi jinkirin da ya wuce sakan 4 ko gaggawar da ta wuce sakan 6 a rana.

Akwai wani rubutu da ke ruɗar masu saye, inda za a ga an sa 17 ko 21 a fuskar agogo da kalmar Turanci mai nufin duwatsu masu daraja. Mun sha jin mai talla na rantsuwa wai lu'ulu'u 21 ne a ciki. Ba haka ba ne. 'Yan jajayen duwatsun yaƙutu ne da aka huda, aka zaunar da ƙafafun faya-fayai a ciki don kada ƙarfe ya ci ƙarfe. A Landan aka fara wannan a 1704 da yaƙutu na gaske. Tun da wani Bafaranshe, Verneuil, ya bayyana hanyar dafa yaƙutu a masana'anta a 1902, na dafawa ake sawa, kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Amfaninsu babba ne, amma ba dukiya ba ne.

Yanzu ku dubi wahalar. Duk wannan tarkace a agogon aljihu yana da fili kamar bakin kofin shayi. Mace kuwa tana son abin da bai fi faɗin yatsa ba. In zobe ya ƙanƙance, ɗan girgiza kaɗan na rikita shi. In sifirin ya gajarta, ƙarfinsa ba ya jimawa. Ƙwayar ƙura ɗaya da babban agogo zai taka ya wuce, ƙaramin tsayawa zai yi. Saboda haka ƙanƙanta inji shi ne babban gwajin maƙeri, kuma buƙatar mata ce ta tilasta shi. Ƙarshen abin shi ne injin da kamfanin Jaeger-LeCoultre ya fitar a 1929, mai lamba 101. Tsawonsa milimita 14, faɗinsa bai cika 5 ba, nauyinsa kamar giram ɗaya. Ku da ke sayen gwal kun san giram ɗaya. A cikin wannan aka shirya ƙananan sassa sama da 70, hawa biyu kamar gidan sama. Shi Sarauniya Elizabeth ta biyu ta ɗaura ranar naɗinta a 1953, a ɓoye cikin munduwar lu'ulu'u, don a al'adarsu abin kunya ne babbar mace ta riƙa duba lokaci a gaban baƙi. Wannan kunyar ce ma ta haifar da agoguna masu murfi, irin na kamfanin Bulgari mai siffar maciji da ke naɗe hannu, wanda a wasu sai an buɗe bakin macijin a ga ƙarfe nawa.

Mu kuwa maza, soja ne ya buɗe mana hanya. Mutum na riƙe da bindiga da linzami, ina hannun laluben aljihu? Hafsoshin Ingila sun fara ɗaure agogon aljihu da fata a hannu a yaƙin Afirka ta Kudu na 1899 zuwa 1902. A 1904 Louis Cartier ya yi wa abokinsa matuƙin jirgin sama, Santos-Dumont, na hannu. Amma Yaƙin Duniya na ɗaya ne ya gama magana, domin an koma ana tsara hari da minti: igwa ta yi shiru ƙarfe kaza, soja su fito daga rami ƙarfe kaza. A 1916, shekarar da aka yanka wa kakanninmu wannan unguwa ta Sabo a Badun, samarin Turawa na kwance cikin ramuka da abin da jiya suke kira kayan mata ɗaure a hannu. Da suka koma gida ba wanda ya isa ya yi musu dariya. Zuwa shekarun 1930 na hannu ya ture na aljihu a kasuwa.

Ko a nan ma da mace aka yi talla. Da Hans Wilsdorf mai Rolex ya fitar da agogon da ruwa ba ya shiga a 1926, sai ya ba wata budurwa mai buga tafireta a Landan, Mercedes Gleitze, ta rataya shi a wuya ta faɗa tekun da ya raba Ingila da Faransa a Oktoban 1927. Ta fi awa 10 cikin ruwan sanyi kafin a tsamo ta, agogo na nan na aiki. Ya sayi shafin farko na jaridar Daily Mail ya baza labari. Kamfanin ne kuma a 1931 ya daidaita injin otomatik, mai wani ɗan ƙarfe rabin da'ira a baya da ke juyawa in hannu ya motsa, yana wana sifirin da kansa.

Akwai waɗanda suka biya da rayukansu, kada mu manta da su. Lambobin da ke haske cikin dare, wanda soja ke buƙata, da wani sinadari mai suna radiyam ake shafa su. 'Yan mata ne ke shafawa a masana'antun Amurka tun daga 1917, kuma an koya musu su riƙa lasar bakin burushi don ya yi tsini, aka ce musu ba komai. Guba ce. Haƙora suka zube, muƙamuƙai suka ruɓe, da yawa suka mutu da ƙuruciyarsu. Biyar cikinsu suka kai ƙara a jihar New Jersey, aka sasanta a 1928 kan dala 10,000 kowace da ɗan abin shekara-shekara. Kyan ɗan maciji ke nan.

Sai ranar 25 ga Disamba 1969, kamfanin Seiko na Japan ya fito da agogo mai batir da ɗan dutsen kwaz a ciki, kan yen 450,000, kuɗin mota a lokacin. Ba sifirin, ba zobe mai lilo. Batir na ba dutsen wuta, shi kuma ya yi ta karkarwa. A na yanzu sau 32,768 yake yi a sakan. Wani ɗan allon lantarki ya yi ta raba wannan adadi biyu har sau 15, ya rage ɗaya tak, ya tura tsinke taki ɗaya. Shi ya sa tsinken sakan na mai batir tsalle yake, na mai inji kuwa sulalewa yake. Kuskurensa kamar sakan 15 ne a wata guda, abin da gwanin inji kan yi a 'yan kwanaki. Cikin shekara goma farashi ya faɗi warwas. Ma'aikatan agogo a Suwizalan da suka kai kusan 90,000 a 1970 suka koma wajen 30,000 a tsakiyar shekarun 1980. Wannan zamani ne ya yi daidai da kuɗin Udoji da yawan zuwa hajji a nan gida, lokacin da alhaji ba ya cika alhaji sai da haƙorin Makka da Rado ko Seiko, Hajiya kuma da ɗan Citizen mai ruwan gwal.

Suwizalan ta farfaɗo ta hanya biyu. Ta fito da Swatch na roba mai araha a 1983, sannan ta daina sayar da lokaci ta koma sayar da daraja. A nan ne aka yi wa mata rabon da ba mu ga adalcinsa ba. Aka mayar da injin hannu abin alfaharin maza, har da gilashi a baya don a riƙa kallo. Su kuwa da aka ƙirƙiri abin dominsu, aka ce ai ba ruwansu da inji, a ba su batir a zagaye da duwatsu. Panthère na Cartier da ya fito a 1983 batir ne. Twenty~4 na Patek Philippe na 1999 batir ne. Wanda kamfanin Graff ya nuna a 2014, da lu'ulu'u masu launi karat 110 da farashin dala miliyan 55, shi ma dutsen kwaz ne ke tura tsinkensa, dabara ɗaya da Casio ɗin da ke hannun yaron shagonku. Sai a 'yan shekarun nan ne manyan kamfanoni suka dawo suna sa wa na mata injin kirki.

Ba muna cewa batir aibi ba ne. Ga Hajiyar da ba ta ɗaura agogo sai ranar biki ko suna, shi ya fi dacewa, don otomatik in ya kwana biyu a durowa tsayawa yake. Abin da muke so a gane shi ne kuɗin agogo mai tsada wuri uku yake tafiya: jikinsa, injinsa, sunansa. Mai saye ya san wanne yake biya. Na zinariya tsantsa za a ga an buga 750 a bayansa, wato karat 18, kashi uku cikin huɗu gwal ne. Ba a cika yin sa da 21 irin sarƙar Saudiyya ba don ta yi laushi. Mai ruwan gwal kuwa, shafe ne da bai kai kaurin gashi ba, gumi da turare da raɓar ƙasar nan ta kudu na cinye shi. Iyayenmu mata da ke kwashe adashi su zuba a gwal don ranar buƙata, ku sani ranar sayarwa mai sikeli zai cire inji, ya cire gilashi, ya cire duwatsu, abin da ya rage shi zai auna. Suna kuwa ba ya hawa sikeli, sai 'yan kamfanoni ƙalilan, su ma sai da kwali da takardu. In ajiya ake so, awarwaro ya fi.

Ta fuskar shari'a, na zinariya halal ne ga mata, haram ne ga maza, ko da an ce kyauta aka ba ka. A mazhabarmu ta Malikiyya adon da mace ke sawa ba zakka a kansa, amma wanda ke cikin gilashin shago kayan kasuwa ne, yana shiga lissafi. Mu masu sayarwa kuma, ango ya zo a ruɗe da jerin kayan lefe a hannu, in jabu ne mu ce masa jabu ne, mu yanka masa kuɗin jabu. Rolex ba ya zuwa a dozin cikin leda.

Abin da ke damunmu yanzu shi ne masu gyara. Da can ba kasuwar da za ka shiga ba ka ga mai ɗan akwatin gilashi da madubin ido ɗaya ba, ya warware inji sala-sala a kan farin ƙyalle, ya wanke, ya ɗiga mai da bakin allura, ya mayar. Inji na son wannan wanki kamar duk shekara biyar, in ya samu sai ya ga jikoki. Yau yawancin waɗanda suka rage canjin batir da rage sarƙa kawai suke yi, kuma akwai tsofaffin Omega da Seiko na gado da ke kwance a adakokin gidajen unguwar nan ba abin da ke damunsu sai busasshen mai. Yaranmu da ke gyaran waya a bakin titi suna da idon da hannun da aikin ke so. Dattawan da suka iya kuwa 'yan kaɗan ne suka rage, kuma gani ya fara yi musu gardama.